Muryar Ɗan Adam a Matsayin Ma'aunin Na'urar Sauti

 Shirin yau zai tsaya ne a kan wani fanni na ilimin sauti da ba kasafai ake tattauna shi ba, wato yadda ake zaɓen faifan waƙa wanda aka ɗauki muryar mawaƙinsa da kyau, domin a gwada na'urar sauraro ta gida ko a nuna wa baƙo iyakar abin da za ta iya. Na'urar da ake nufi ita ce wadda masu sana'ar ke kira hi-fi, sunan da ya yaɗu a Amurka da Ingila a shekarun 1950, kuma ana nufin kayan sauti da aka ƙera don su mayar da abin da aka naɗa kamar yadda yake, ba ragi ba ƙari. A mafi sauƙin siffarta ta ƙunshi abin da ke karanta waƙar, ko faifan garmaho ne ko CD ko kwamfuta, da amfilifaya wadda ke ƙara wa siginar ƙarfi, sai lasifika biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Abin da aka fi gani a shagunan kayan sauti shi ne mai sayarwa ya murɗa ƙara har ƙarshe, ya sa waƙar da gangarta ke girgiza ƙirji da tagogi, mai saye kuma ya gamsu cewa kaya sun yi. Sai dai ƙarfi daban, gaskiyar sauti daban, domin lasifika mai arha tana iya kumbura kakkauran sautin nan da ake kira bes har ya rufe duk wata kasawa da take da ita a sauran sassa. Muryar mutum ba ta ba lasifika wannan mafaka. Mai sauraro yana iya girma bai taɓa zama kusa da fiyano na gaske ba, saboda haka ba shi da abin da zai auna fiyanon cikin lasifika da shi, amma tun yana goye yake jin muryoyin mutane, har ya kai yana gane mura a muryar ɗan'uwansa ta wayar tarho, yana kuma bambance mai murmushi da mai ɓacin rai ba tare da ya ga fuska ba.

Akwai dalilin kimiyya da ke ƙarfafa wannan. Ana auna kauri ko kaifin sauti da yawan kaɗawar iska a daƙiƙa guda, sunan ma'aunin kuwa Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kimanin Hertz 20 zuwa 20,000, tushen muryar namiji baligi idan yana magana yana tsakanin kimanin 85 da 180, na mace kuma tsakanin 165 da 255, amma abin da ke bambance wannan wasali da wancan, ko wannan baƙi da wancan, yana can sama da haka nesa, har sautin “s” da “sh” yakan haura 5,000. Kunne ya fi saurin ji a tsakanin 2,000 da 5,000, kuma a bakin wannan yanki ne, wajen 2,000 zuwa 3,000, yawancin lasifikun gida ke miƙa aiki daga babban faifansu mai fitar da kakkauran sauti zuwa ƙaramin da ke fitar da siriri. Idan wannan mahaɗa ba ta daidaita ba, a murya ake fara jin aibin: mawaƙi ya zama kamar mai magana ta hanci, ko kamar wanda aka kulle cikin akwati. Ƙaramar lasifikar nan LS3/5A da injiniyoyin BBC suka ƙera a tsakiyar shekarun 1970 don motocin watsa shiri daga waje ba ta da wani bes na a zo a gani, amma har yau ana ƙera ta ana saye, saboda yadda take fitar da magana yadda take.

To, da me ake gane cewa an ɗauki murya da kyau? Abu na farko shi ne girmanta. Yawancin makirufon da ake ɗaukar waƙa da su suna da wata ɗabi'a, wato idan baki ya matso su sosai sai su ƙara wa muryar kauri, kuma mawaƙa da injiniyoyi sun daɗe suna amfani da wannan don murya ta yi ɗumi da kusanci. Idan aka wuce gona da iri, mai sauraro zai ji bakin mawaƙi ya cika duk filin da ke tsakanin lasifika biyu, kowane “s” yana soke kunne, kowane “f” yana huro iska. Ɗauka mai kyau tana barin muryar daidai girman kan mutum, a tsakiya, a tsayin wanda ke tsaye ko zaune gaban mai sauraro, har a ji jan numfashinsa kafin ya shiga baiti, a ji buɗewar leɓɓansa, a kuma gane inda sautin ya baro ƙirji ya koma maƙogwaro, ba tare da waɗannan ƙananan abubuwa sun fi waƙar kanta fitowa ba.

Na biyu shi ne ɗakin da aka yi waƙar. Kowace murya tana bugun bango ta dawo, kuma daga wannan amsa-kuwwa ne kunne ke gane ko ɗaki ƙarami ne ko babban zaure. Wasu faya-fayan suna ɗauke da amsa-kuwwar wurin da aka rera su, wasu kuma ƙara musu aka yi daga baya, ko dai ta hanyar ɗakunan amo irin waɗanda aka gina a ƙarƙashin situdiyon Capitol a Hollywood, ko ta farantin ƙarfe irin EMT 140 da aka fito da shi a Jamus a 1957, ko kuma da kwamfuta kamar yadda ake yi yanzu. Ƙarin ba laifi ba ne, muddin yana bin muryar ya dushe a hankali har ya ɓace. A wannan dushewar ne ake gane na'urar da ke riƙe ƙananan sautuka da wadda ke yanke su.

Na uku, wanda ya fi sauran tasiri a faya-fayan zamani, shi ne tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa. Faifan CD, da ya shigo kasuwa a 1982, yana iya ɗaukar tazarar da ta kai kimanin desibel 96, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Amma tun daga shekarun 1990 kamfanonin waƙa suka shiga tseren kowa ya fi ɗan'uwansa ƙara, suna matse sautin a gyaran ƙarshe ta yadda za a ɗaga wuraren da ke ƙasa a kuma danne ƙololuwa, har waƙa ta zama bai ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Wannan yana da amfani cikin mota ko kasuwa inda hayaniya ke cinye raɗa, amma a ɗakin sauraro yana hana mawaƙi abin da ya fi ƙarfi a hannunsa, wato ya sassauta ya kuma ɗaga. Haka nan akwai manhajar Auto-Tune mai daidaita karin murya, wadda Andy Hildebrand ya ƙirƙira kuma kamfanin Antares ya fitar a 1997, ta kuma yi fice da waƙar Cher mai suna “Believe” a 1998, kafin ta zama ruwan dare har a waƙoƙin finafinan Hausa. Ado ce mai masoyanta, ba a kuma raina ta, sai dai muryar da aka bi da ita sosai ba ta zama ma'auni, domin babu wanda ya taɓa jin irinta daga bakin mutum balle ya san yadda ya kamata ta fito.

Kafin a ambaci faya-fayan da suka yi suna, ya kamata mai sauraro ya san cewa akwatin rediyo ba zai iya nuna masa ingancinsu ba, domin tashar FM tana yanke sauti a wajen Hertz 15,000, tashoshi kuma suna matse sautinsu kafin su watsa. Sai ya nemi faya-fayan da kansa.

Wanda ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne The Trinity Session na ƙungiyar Cowboy Junkies ta Kanada, wanda aka ɗauka ranar 27 ga Nuwamba, 1987, a cocin Holy Trinity da ke Toronto, aka kuma fitar a 1988. Peter Moore, wanda ya yi ɗaukar, ya kafa makirufo guda ɗaya tak ƙirar Calrec a tsakiya, makaɗa suka kewaye shi, kuma maimakon a daidaita ƙarfin kowane kayan kiɗa da maɓalli, sai a matsar da mai shi gaba ko baya. A na'ura mai kyau mai sauraro yana jin faɗin ginin tun kafin kiɗa ya kankama, yana iya nuna da yatsa inda mai ganga yake da inda mai jita yake, muryar Margo Timmins kuma, mai sanyi da natsuwa, tana tsaye a tsakiya. Akwai wani bayani game da wannan faifai da ya kamata masu yabonsa su riƙa tunawa: muryar tata ba ta da ƙarfin da za ta yi gogayya da kayan kiɗa, don haka ta wata lasifika aka fitar da ita cikin cocin, makirufon ya ɗauko daga can. Ashe ko faifan da ake kafa hujja da shi wajen tsantsar ɗauka bai rasa dabarar injiniya ba, kuma abin da ya sa ya yi kyau shi ne an yi dabarar don a ji mawaƙiyar a cikin ɗakin tare da abokan aikinta.

Ga muryar namiji kuwa, da wuya a samu abin da ya fi Folk Singer na Muddy Waters, wanda aka ɗauka a Chicago a watan Satumba na 1963, kamfanin Chess ya fitar a 1964, tare da Buddy Guy a jita da Willie Dixon a babban bes na katako. Kayan kiɗan kaɗan ne, babu na lantarki, shi kuma mawaƙin yakan sauko har kamar yana yi wa kansa magana, sannan ba zato ya ɓarke da ƙarfi. A wannan ɓarkewar ce ake gane amfilifayar da ke da sauran numfashi, domin mai rauni takan shaƙe, muryar ta yi tauri ta koma baya. Irin wannan gwaji ne, amma a mafi girman sikeli, ake yi da “Stimela” ta Hugh Masekela na Afirka ta Kudu, a faifansa Hope da aka ɗauka a gaban jama'a a gidan kiɗa na Blues Alley da ke Washington a 1993. Waƙar tana magana ne a kan jirgin ƙasa mai amfani da gawayi wanda ke kwaso 'yan ci-rani daga ƙasashen kudancin Afirka zuwa ramukan haƙar ma'adinai na yankin Johannesburg, kuma cikin kimanin minti goma Masekela yana ba da labari da murya ƙasa-ƙasa, ya kwaikwayi kukan jirgi da maƙogwaronsa, ganguna su taso kamar hadari su kuma lafa. Abin takaici ne yadda a wuraren baje kolin kayan sauti ake yawan yanke ta da zarar gangunan sun wuce, alhali nauyin waƙar yana cikin labarin mutanen da aka raba da iyalansu.

Murya ita kaɗai, ba kiɗa ko kaɗan, ita ce mafi tsananin gwaji, shaidar haka kuwa tana cikin tarihin MP3. Karlheinz Brandenburg, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka gina wannan tsari na rage nauyin fayil ɗin sauti a Erlangen ta Jamus, ya tarar cewa tsarin da ke yin daidai da sauran kiɗe-kiɗe yana ɓata muryar Suzanne Vega a waƙarta “Tom's Diner”, wadda ta rera ba kiɗa a faifanta Solitude Standing na 1987, saboda haka ya yi ta maimaita sauraronta yana gyara lissafinsa. Abin da ya tona asirin manhaja zai tona na lasifika. Ga muryoyi da yawa a haɗe akwai Shaka Zulu na Ladysmith Black Mambazo, wanda Paul Simon ya shirya a 1987, inda na'ura mai kyau ke raba muryar jagora Joseph Shabalala da kakkauran amshin da ke bayansa, akwai kuma Cantate Domino, waƙoƙin coci da Bertil Alving ya ɗauka a Stockholm a 1976 da makirufo biyu da rikodar tef ƙirar Revox. Ella and Louis na 1956, wanda ya haɗa Ella Fitzgerald da Louis Armstrong, yana da amfani na daban: an ɗauke shi kafin sitiriyo ya shigo faifan garmaho a 1958, wato sauti ɗaya ne ke fita ta lasifikun biyu, don haka idan an jera su daidai muryar za ta tsaya cak a tsakiya, siririya, idan kuwa ta watse ko ta karkata gefe, to akwai kuskure a jeri ko a haɗin waya. Come Away with Me na Norah Jones, wanda ya fito a 2002 ya kuma ci kyautar Grammy ta ingancin ɗauka, da Famous Blue Raincoat na Jennifer Warnes, da waƙar “Fast Car” ta Tracy Chapman wadda Sean Olive da abokan bincikensa a kamfanin Harman suka daɗe suna amfani da ita wajen gwajin lasifika, duk suna cikin waɗanda aka saba ji.

A nan ne kuma hatsarin yake. Faifan da ke ƙawata na'ura ba lalle ne ya zama wanda ke gwada ta ba, kuma mace mai sanyin murya tare da fiyano da bes kaɗan tana daɗi a kusan kowace lasifika, shi ya sa masu sayarwa ke son ta. Wannan dabara tsohuwa ce. Tun daga 1915 kamfanin Thomas Edison yake shirya taruka inda mawaƙi ke tsayawa kusa da garmaho suna karɓa-karɓa, wani lokaci a kashe fitilu, jama'a su kasa gane wanda ke waƙa. Daga baya Anna Case, ɗaya daga cikin mawaƙan, ta bayyana cewa ita ce ta horar da muryarta ta yi kama da ta na'urar. Mai sayen yadi da ya san abin da yake yi ba ya yarda da launin da fitilar shago ta nuna masa, sai ya fito da shi bakin ƙofa ya duba a hasken rana, haka ya kamata mai sayen lasifika ya je da nasa faifan. Kuma cikin abin da zai ɗauka lalle a samu murya mai kaushi, da wadda ke ɗagawa da ƙarfi, da waƙa mai cunkoson kayan kiɗa inda za a ga ko kalmomi za su tsira, kamar Talking Timbuktu na Ali Farka Touré da Ry Cooder na 1994, ko Buena Vista Social Club da Jerry Boys ya ɗauka a situdiyon EGREM na Havana a 1996, inda tsofaffin mawaƙa ke rerawa a ɗaki guda da makaɗansu.

Akwai kuma batun harshe, wanda jerin faya-fayan da mujallun Turai da Amurka ke bugawa ba ya la'akari da shi. Kunne ya fi kaifi a harshen da aka sha a nono, saboda haka Bahaushe zai fi saurin kama kasawar lasifika a waƙar Hausa, inda ya san yadda “ƙ” da “ts” ke fashewa, da yadda “ɓ” da “ɗ” suka bambanta da “b” da “d”, da inda wasali ke tsawo, fiye da yadda zai kama ta a waƙar Turanci ko Sifaniyanci. Waƙar Ɗan Maraya Jos, murya ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, a tsarinta ta dace da gwaji kamar kowane faifai da aka ambata, haka nan ta Mamman Shata, inda ake son a ji shi daban, 'yan amshi daban, kalangu daban. Matsalar ita ce yawancin abin da ke yawo a hannun jama'a kwafe ne daga kaset zuwa kaset, daga nan zuwa waya, kowane kwafi yana zubar da wani abu na siririn sauti yana ƙara shuu. Irin wannan ba zai burge baƙo ba, amma yana amsa wata tambaya mai muhimmanci, wato ko na'urar tana sauƙaƙa fahimtar kalmomin ko kuwa aibin kaset ɗin kawai take ƙara fitowa da shi. Yana kuma nuna girman aikin da ke jiran gidajen rediyo da iyalan mawaƙa da ke riƙe da tef na asali, domin daga tef ɗin farko kaɗai ake iya fitar da kwafin da zai nuna ainihin muryoyin nan.

Wannan ya shafi faya-fayan ƙetare ma, domin sunan faifai ba ya tabbatar da ingancin kwafin da ke hannu. CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, fayil ɗin MP3 da ake turawa a waya kuwa sau da yawa 128 ne, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, kuma faifai guda yana iya fitowa sau da dama da gyaran ƙarshe daban-daban, wani sabon ma ya fi tsohon matsewa. Abin nema shi ne CD na asali ko fayil irin FLAC, wanda ke rage nauyi ba tare da ya zubar da komai ba.

Saura yadda ake sauraron. A jera lasifikun biyu da kujerar mai sauraro su zama kusurwa uku masu tazara daidai, ƙananan faifan lasifikun suna daidai tsayin kunne, a ɗan janye su daga bango. Ɗaki mai tayil da bangon siminti tsirara yana ƙara wa murya kaifin da ba nata ba, darduma da labule masu kauri kuwa suna rage shi, ƙarar fanka da janareta kuma tana cinye raɗar da ake son ji, don haka lokacin da gida ya yi tsit ya fi dacewa. A saita ƙara daidai yadda mawaƙi zai kasance da yana cikin ɗakin, kuma idan na'urori biyu ake kwatantawa a tabbatar ƙarfinsu ɗaya ne, domin tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne yana ƙara jin kakkauran sauti gwargwadon yadda ƙara ta ƙaru, saboda haka wadda ta ɗara ko da kaɗan sai a ɗauka ita ce ta fi. A bar kowace waƙa ta kai ƙarshe, a kuma zauna aƙalla rabin sa'a, domin lasifikar da ke ƙara wa murya kaifi tana burgewa a minti biyun farko, gajiyar da take sa wa kunne kuwa sai an jima take bayyana.